Numfashin Baba Sallau

Ɗakina a Agege taku huɗu ne da rabi.
Na manna kwalin ƙwai a bango har sama,
na jingine katifa a bakin taga.
Mai gida ya leƙo, ya ce, "Kiwon kaji za ka fara?"

Kwamfutar ta hannu ce, daga Ikeja,
haruffa biyu sun zube, batirin ya gaji da duniya.
Manhajar da ke cikinta ba ta jin Hausa,
da nuni muka saba, kamar kurma da mai tireda.

Kwana uku ina jera kalangu bisa ganga,
a daren na huɗu aka ɗauke wuta.
Allo ya yi baƙi, aiki ya bi ruwa.
Tun ranar yatsana ya tare kan maɓallin adanawa,
ko atishawa zan yi, sai na danna.

Na gane ja ba ado ba ne:
in sandar sauti ta haura ta yi ja,
murya ta ƙone, kamar tuwon da aka manta a murhu.
Ja da baya taƙi guda daga makirfo,
ɗaura tsohuwar safa a zoben waya
ta tare iskar baki.

Legas kuwa ba ta yi wa kowa shiru.
Injin niƙan Iya Rofiya,
kwandasta na kiran Oshodi kamar yana bin ta bashi,
janareta goma, kowanne da maƙogwaronsa.
Ƙarfe uku na dare ne rabona,
shi ma muna raba shi da sauro.

A irin wannan daren Baba Sallau ya zo,
mai albasa a kasuwar Mil Sha Biyu,
da gurmi naɗe cikin buhu.
Jikarsa ce a Talatar Mafara,
shekara shida ba ta ji shi ba sai a waya mai yankewa.
Na sa masa ƙwas-ƙwas ɗin ƙidayar kiɗa,
ya ce, "Cire min ƙadangaren nan daga kunne."

Sau ɗaya ya yi.
A tsakiya jirgin ƙasa ya wuce, bango ya yi rawa,
ya yi tari, ya ja numfashi, ya ci gaba.

Dare biyu ina kan linzami.
Na yanke tarin, na share jirgin,
na tsince numfashi ɗaya-ɗaya kamar tsakuwa a shinkafa,
inda muryar ta karkace na miƙe ta,
na zuba amsa-kuwwa har ɗakin ya zama fili.
Na ji kaina gwani.

Ya saurara yana tauna goro.
Ya ce, "Yaron nan ya iya. Ɗan wa ne?"
Na ce, "Kai ne, Baba."
Ya ce, "A'a. Wannan bai taɓa ɗaukar buhu ba.
Ina numfashina?
Da shi yarinyar za ta san ni ne."

Kunya ta rufe ni, amma ɗauke wuta ya yi rana:
na farkon yana nan, ban taɓa shi ba.
Na kunna.
Ga tsirkiya tana kuka, ga jirgi, ga tari,
can ƙasa-ƙasa ga zakaran wani da ya ruɗe da lokaci.
Baba ya gyaɗa kai, ya ce, "Tura."

Bai tambayi kuɗin aiki ba, ni ma ban faɗa ba.
Washegari na tarar da albasa rabin kwando a bakin ƙofa.
Har yau ina gyara, aikina ne,
sai dai kafin almakashi ya sauka
nakan tsaya in ji ko mutum ne ke numfashi a wurin.